Tuƙi A Ruwan Sama Da Tuƙi A Dusar Ƙanƙara: Tambayoyi Da Amsoshi Ga Direbobin Kano

Na daɗe ina koya wa mutane mota a cikin birnin Kano. Kafin nan Allah ya taɓa kai ni Kanada, na yi sanyi biyu a can, dole ta sa na riƙe sitiyari a kan dusar ƙanƙara alhali ban taɓa ganinta ba sai a talabijin. Shi ya sa duk shekara da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai tambayoyi su taso mini: daga ɗalibaina, daga 'yan sahun da muke shan shayi tare, da iyayen da 'ya'yansu suka samu karatu a ƙasashen sanyi. Ga waɗanda aka fi yi mini, da abin da nake amsawa.

Malam, a taƙaice, wanne ya fi hatsari: ruwa ko dusar ƙanƙara?

In santsi kake tambaya, ƙanƙara ce a gaba, babu ma haɗi. In kuwa yawan hatsari da rayukan da ake asara za ka ƙirga, ruwa ne.

Amurka ce wurin da za a iya auna su a mudu ɗaya, domin tana da su duka biyun, kuma tana ajiye lissafi. Alƙaluman hukumar manyan hanyoyinta na shekarun 2007 zuwa 2016 sun nuna cewa a cikin hatsarurrukan da yanayi ke da hannu a ciki, kusan kashi 70 cikin 100 a kan jiƙaƙƙiyar kwalta suka auku, kashi 46 kuma ana tsaka da ruwa. Waɗanda suka auku dusar ƙanƙara na sauka kashi 18 ne. Wani ɓangare na dalilin a fili yake: ranakun ruwa sun fi yawa, wuraren da ake ruwa ma sun fi yawa. Amma akwai na biyu, kuma shi ya fi damuna. Wani bincike da aka wallafa a can a 2005 ya gano cewa a ranakun da dusar ƙanƙara ke zuba, gogayya da lotsewar mota da raunuka suna ƙaruwa, amma hatsarin da ake mutuwa ya fi ƙaranci a kan na busassun ranaku. Me ya jawo? Tsoro. Kowa ya leƙa taga ya ga gari ya yi fari fat, sai ya fasa fitar, wanda ya fita kuma rarrafe yake yi.

Ruwa fa? Direba zai kunna waifa, ya ƙara muryar rediyo, ya ci gaba da gudun 100 a hanyar Zariya kamar ba abin da ya canza. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mu da ba a yin dusar ƙanƙara a garinmu, ina ruwanmu da zancenta?

Da ruwanmu. 'Ya'yanmu suna Kanada, Ingila, Rasha, Turkiyya da China, wasu karatu wasu kasuwanci, kuma da yawansu a Kano suka koyi mota. Sannan motocin da muke hawa da tayoyin da muke saya, mafi yawansu a ƙasashen sanyi suka fara rayuwarsu, kuma sukan zo mana da tabon can.

Ba ma sai Turai ba. Ana yin ta a garin Ifrane na Maroko, ana yi a Lesotho, a watan Satumban 2024 ta rufe babbar hanyar da ta haɗa Johannesburg da Durban a Afirka ta Kudu har matafiya suka kwana a cikin motoci. Duwatsun yankin Tabuk na Saudiyya ma takan sauka musu. Kada dai a haɗa ta da ƙanƙarar da ke faɗowa tare da ruwa a Jos, wani lokaci har nan Kano, mai ƙwanƙwasa kwanon rufi kamar ana jifa. Waccan tsakuwa ce ta ƙanƙara, takan narke nan da nan. Dusar ƙanƙara kuwa shiru take sauka kamar audugar rimi, ta kwanta, ta yi watanni ba ta tashi ba.

To yaya santsin nata yake? Kamar taɓon damina ne?

Kala-kala ce. Sabuwar da ta sauka tana da ɗan riƙo, tafiya a kanta kamar tafiya a rairayin Challawa. In motoci suka tattake ta ta daskare, sai ta koma kamar daɓen siminti da aka zuba wa ruwan sabulu. In ta fara narkewa ta zama caɓi, sai ta riƙa jan taya gefe kamar laka. Mafi sharrinsu ita ce wadda suke kira baƙar ƙanƙara: ɗan siririn ruwa ne ya daskare a kan kwalta, garai-garai kamar gilashi, kana ganin baƙin titi ta cikinsa, ka ɗauka jiƙa ce kawai. Takan fara kama gada kafin sauran titi, saboda iskar sanyi na bi ta sama da ƙasan gadar. Ita ce ta haɗa motoci sama da 130 a kan babbar hanya a Fort Worth ta jihar Texas ranar 11 ga Fabrairun 2021, mutum 6 suka rasu.

Ranar da na fara haɗuwa da ita ba zan manta ba. Da sassafe ne, a cikin unguwa, gudun da nake bai wuce na mai keke ba. Na iso mahaɗa na taka birki, sai motar ta ƙi saurara. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun. A Kano in ka taka birkin gaggawa taya za ta yi ƙara, ka san tana kokawa da kwalta. Nan kuwa babu ƙara ko kaɗan, motar tana sulalewa a hankali kamar kwalekwale, na juya sitiyari dama, ita kuma ta miƙe abinta. Salati kawai nake har ta tsaya da kanta a tsakiyar mahaɗar. Allah ya sa babu mai zuwa.

Littafin dokokin hanya na Ingila ya sa ma'auni mai sauƙin riƙewa: a jiƙaƙƙen titi nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yakan ninka biyu, a kan ƙanƙara kuma yana iya kaiwa ninki goma. A busasshen titi, mai gudun kilomita 80 a awa yana bukatar kamar mita 53 kafin ya tsaya cak. Sai ka yi lissafin sauran.

Me ya sa ake cewa ruwan farko ya fi muni?

Gaskiya ne, ba camfi ba ne. Daga Oktoba zuwa Mayu, wata bakwai ko fi, titunan Kano suna tara baƙin mai da ke ɗiga daga tsofaffin injina, da gas na tireloli, da giris, da garin taya, ga ƙurar hunturu a kai. Ruwan farko, musamman in yayyafi ne, ba ya wanke wannan datti, sai dai ya kwaɓa shi ya mayar da shi kamar miyar kuɓewa. Ka duba kwalta a bakin danja ko a shataletale bayan yayyafin farko, za ka ga tana walƙiya launi-launi. Mai ne ya taso sama. Minti goma sha biyar na farkon ruwa sun fi awa guda na tsakiyarsa santsi.

Kuma ba titi kaɗai ne ya manta da ruwa ba, har direban. Robar waifa ta bushe da zafin Afrilu ta tsattsage, ba wanda ya lura sai ranar da aka bukace ta. Su ma na can haka suke: ranar dusar ƙanƙarar farko ta shekara ta fi sauran ranakunta cin rai, don hannu bai dawo ba tukuna.

Wani lokaci ina gudu cikin ruwa sai in ji sitiyari ya yi sako-sako kamar an cire shi. Mene ne wannan?

Motarka ta hau kan ruwa ke nan, tayoyin sun bar kwalta. Zanen da ke jikin taya ba ado ba ne, magudanan ruwa ne. Aikinsu su kwashe ruwan da ke gaban tayar su watsar gefe don robar ta taɓa ƙasa. In gudu ya yi yawa, ko ruwan ya kwanta da kauri, ko zanen ya cinye, sai ruwan ya fi ƙarfin tayar ya shige ƙarƙashinta ya ɗaga ta. Da tayar da ta suɗe, wannan na iya farawa tun daga gudun kilomita 60 a awa. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ma ta fi saurin hawa.

A wannan 'yan daƙiƙoƙin, kai da mai tuƙi a kan baƙar ƙanƙara duk ɗaya kuke: ba birki, ba sitiyari. Bambancin shi ne, shi yana tafiyar kilomita 30 saboda ya san inda yake, kai kuwa kana 90 a hanyar Wudil. Nan ne ruwa ke cin mutane.

Abin yi kaɗan ne, amma yana son sanyin zuciya. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali. Kada ka taka birki. Riƙe sitiyari a miƙe, kada ka fizga, domin lokacin da tayoyin za su dawo ƙasa, duk inda suka kalla can motar za ta nufa da ƙarfi. In motarka na da na'urar da ke riƙe gudu da kanta, kashe ta da zarar an fara ruwa.

In bayan mota ya fara zamewa fa?

Dabarar ɗaya ce a ruwa da ƙanƙara. Idonka ya kalli inda kake son zuwa, ba turken da kake tsoron bugawa ba, don hannu ido yake bi. In bayan ya kwaso dama, juya sitiyari dama kaɗan, in ya dawo ka warware. Komai a hankali.

Sai batun birki. In motarka na da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki, taka shi da ƙarfi ka riƙe. Za ka ji fedar tana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka har da ƙara, kada ka saki, aikinsa yake yi. In babu, sai ka riƙa takawa kana sassautawa don kada tayoyin su kulle. Abin takaici, motoci da yawa a gari fitilar ABS ɗinsu a kunne take shekara da shekaru, bakanike ya ce, "Alhaji ba komai, haka suke." Wani ma cire ƙwan fitilar yake don kada ta dami mai mota. Komai ne. In tana kunne, ka ɗauka ba ka da shi.

Nawa ya kamata in bari tsakanina da motar gabana?

Da daƙiƙa ake aunawa. Zaɓi wani turke, in ta gaba ta wuce shi ka fara ƙirga. A rani daƙiƙa 2, a ruwa aƙalla 4. Na san me za ka ce: a titin Murtala Muhammad in ka bar wannan filin, 'yan sahu uku ne za su cusa kai. Bar su su shiga, ka sake ja baya. Gara ka makara da ka je kana ciniki da mai gyaran bodi.

Na sayi tayar Beljiyam mai zane zuru-zuru, na ga hoton dutse da wata 'yar fulawa a jikinta. Tana da kyau?

Nan ne dusar ƙanƙara ta biyo mu har gida. Wannan hoton na dutse mai kai uku da fulawa a ciki, alamar tayar sanyi ce. Fulawar ƙwayar dusar ƙanƙara ce. Za ka kuma ga ƙananan tsage-tsage masu lanƙwasa a kan kowane tudu na zanen, kamar zanen ƙwarya. An yi ta da roba mai laushi don ta riƙe titi idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. Mu kuwa a Afrilu iska kanta takan kai digiri 40, balle kwalta da tsakar rana. A irin wannan zafi robar takan yi laushi fiye da ƙima, ta cinye da wuri, motar ta riƙa lilo a kwana, birki ya ƙara nisa. Masu ita a Turai sun cire ta ne tun zanen bai ƙare ba, don a can ana son tayar sanyi ta kasance da zurfin milimita 4 ko fi. Shi ya sa take da kyan gani a Ƙofar Ruwa, mai saye ya ga zane ya ce ya yi tsintuwa. Araha ba ta ado.

Abu uku za ka duba a kowace taya. Na ɗaya, wannan alamar. In ka gan ta, ajiye. Na biyu, shekarunta: a ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba na tsufa ko da ba a hau ta ba, kuma kamfanin Michelin da kansa ya ce wadda ta kai shekara 10 a cire ta ko da tana da kyan gani. Na uku, zurfin zane. A cikin ramukan akwai wasu 'yan tuddai da aka sa a kan milimita 1.6, in zanen ya yi daidai da su tayar ta mutu. Ni dai ba na shiga damina da ƙasa da milimita 3.

Iska kuma a sa ta da ma'auni, gwargwadon abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Mai faci ya buga taya da sifana ya ce ta yi, wannan ba awo ba ne.

Ruwa ya kwanta a gadar ƙasa ko a kan titi. Ta yaya zan san ko zan iya wucewa?

Wannan hatsarin ruwa ne kaɗai ke da shi. Dusar ƙanƙara kan tare mota, amma ba ta tafiya da ita.

Ga ma'aunin da hukumar yanayi ta Amurka ke koyarwa, kuma ruwa ko'ina ruwa ne: ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ya ɗan haura idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita. Santimita 60 na tafiya da jif da a-kori-kura. Mota akwati ce mai iska a ciki, tana fara yin sama-sama tayoyin sun saki ƙasa, shi ke nan ta zama ta ruwa.

Namu kuma ya fi nasu ɓoye abu. Ruwan Kano ja ne, ba ka ganin ƙasansa. In leda da robobin ruwa suka toshe magudana a watan Agusta, titi da lambatu sukan zama shafi ɗaya, ba ka san inda kwalta ta ƙare ba. Ga ramuka, ga kwalbatin da aka yi gaba da murfinsa. Gadar ƙasa kuwa, irin na Kabuga da Gadon Ƙaya da Dangi, siffarta kwari ce, duk gadar ƙasa a duniya wurin taruwar ruwa ce in ruwan ya fi ƙarfin magudana, kuma zurfin yana tsakiya inda ba ka gani daga baki. In akwai hanyar sama, bi sama.

In ya zama dole ka ratsa ruwan da ke kwance, tsaya ka ga mota irin taka ta wuce, ba tifa ba. In ya haura tsakiyar tayarta, juya. In bai kai ba, ka jira ta fita, ka shiga da giya ta ɗaya, a hankali, ba tsayawa, ba canza giya, ba tayar da igiyar ruwa. Ka bi tsakiyar titi don ya fi tudu. Da ka fita, ka ɗan tattaka birki sau uku ko huɗu ya bushe. Ruwan da ke gudu a ƙetaren hanya kuwa, musamman da dare a hanyar ƙauye, ba a gwada shi, don wataƙila ya riga ya cinye hanyar daga ƙasa.

Ta mutu mini a tsakiyar ruwa. In sake yin ki?

A'a. Wannan kin na biyu shi ke kashe injin. In ruwa ya shiga ta inda injin ke shaƙar iska ya kai cikin silinda, fistin zai taso ya tarar da abin da ba ya matsuwa, sai sandar da ke riƙe shi ta lanƙwashe ko ta karye. Gyaran fulogi ya koma sayen injin. Sa ta a furi, ka ba matasan da ke tsaye a bakin ruwan na goro su tura ta tudu, ka kira bakanike ya cire fulogi ya fitar da ruwan. Ya duba baƙin mai, in ya koma kalar shayi mai madara, sai an yi juye.

In kuwa ruwan ƙaruwa yake, manta da motar. Cire bel, sauke gilashi tun wuta ba ta ɗauke ba, fitar da yara, ku fita. Ƙofa ba ta buɗuwa in ruwa ya danne ta daga waje.

Ni jif nake hawa, mai jan ƙafa huɗu. Ai ni ban da matsala ko?

Ranka ya daɗe, jan ƙafa huɗu na taimakon tashi ne, ba ya taimakon tsayawa. Kowace mota birkin ƙafa huɗu gare ta, taka kuma ta fi nauyi. A Kanada, bayan kowane dare na dusar ƙanƙara, manyan motocin nan ne nake yawan gani kwance a ramin gefen hanya.

Wace fitila zan kunna, kuma me zan yi da gilashin da ke yin hazo daga ciki?

Ƙaramar fitilar gaba, ko da rana tsaka. Ba don ka gani ba, don a gan ka, kuma ita ke kunna jajayen baya. Babbar fitila a cikin ruwa mai ƙarfi dawo maka take yi a ido. Ɗabi'ar nan ta kunna sigina biyu ana tafiya, ni ban yarda da ita ba: na bayanka bai san ko tsaye kake ko tafiya ba, kuma in za ka yi kwana ba ka da abin nuna masa. A bar ta sai an tsaya.

Gilashi kuwa, numfashin mutanen cikin motar ne ke kwanciya a kansa. Kunna esi ka juya iskar ta bugi gilashin, cikin minti ɗaya zai washe. In babu esi, sauke gilashin gefe kaɗan. Sau nawa na ga direba ya cire hularsa yana goge gilashi da hannu ɗaya, ɗayan a sitiyari, kansa a manne da gilashin, motar tana tafiya.

In kana son ka ɗanɗani yadda guguwar dusar ƙanƙara ke rufe ido, tuna ranar da hazon hunturu ya yi kauri har jirage suka kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. To ka mayar da shi fari, ka sa masa iska, layin titi da gefensa da sama duk su zama abu ɗaya.

'Yan Adaidaita Sahu fa, yaya zan yi da su a cikin ruwa?

Ka ɗauka ba ya ganin ka, domin gaskiya ba ya gani. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, su ne jinin garin nan, kuma ruwa na sauka suke sauke labulen tamfol hagu da dama. Madubin gefe ya rufe, waifa ɗaya ce in ma tana aiki, fasinja na ce masa ya yi sauri, shi kuma yana kauce wa rami ba tare da sigina ba. Ƙafa uku ba ta son kwanar gaggawa a kan santsi, nan da nan take kifewa. Ba su fili.

Haka masu tafiya a ƙasa. Mai gudun ruwa da buhu a ka ba ya duba titi, yara 'yan makaranta da almajirai kuma tsallakawa suke a guje. Sannan don Allah a rage gudu a kusa da mutane. Watsa wa dattijo ruwan kwata a farar rigarsa ranar Juma'a ba hatsari ba ne, amma hakki ne.

Ba gara in tsaya in jira ya wuce ba?

Sau da yawa shi ne daidai, kuma a nan mun fi su sa'a. Ban da markar Agusta, ruwan Kano yakan zo da fushi ne ya tafi, cikin awa ɗaya gari ya washe. Sai dai ka san inda za ka tsaya. Iskar da ke riga ruwan zuwa ita ke karya rassan darbejiya, ta tuge allon talla, ta yaye kwanon rufi. Kada ka fake a ƙarƙashin bishiya ko turken lantarki ko jikin tsohuwar katanga. Shiga gidan mai ko wani fili a kan tudu, ka sauka daga titi gaba ɗaya. In wayar lantarki ta faɗo a kan motar, zauna a ciki har a tabbatar babu wuta.

A dusar ƙanƙara jiran kansa na kisa. A Janairun 2022 mutane sun yi fiye da awa 24 a maƙale a babbar hanya a jihar Virginia. A cikin watan dai, a Murree ta Pakistan, sama da mutum 20 suka rasu a cikin motocinsu, wasu sanyi, wasu hayaƙi. Dusar kan toshe bakin salansa, mutum ya bar injin a kunne don ɗumi, hayaƙin ya dawo ciki, barci ya ɗauke shi. Irin hayaƙin janareta ne da ke kashe iyali a ɗaki a nan gida, ba wari, ba launi.

Ɗana ya samu karatu a Kanada, kuma ya iya mota sosai. Me zan gaya masa?

Hajiya, fara gaya masa cewa bai iya ba tukuna. Wanda ya ƙware a kutsen Kano, mai manne wa motar gaba da birkin ƙarshe-ƙarshe, shi ne ya fi shiga hatsari a can, don duk dabarunsa sun dogara ne da taya mai riƙe ƙasa. Ranar dusar farko ya hau bas. Daga baya ya sami wanda ya daɗe a garin ya kai shi filin ajiye motoci da ba kowa, ya taka birki ya ji yadda take zamewa. Ni ma wani dattijo maƙwabcina ne ya yi mini haka bayan abin da ya same ni a mahaɗar nan.

Ya sa tayar sanyi guda huɗu, ba biyu ba. A lardin Quebec ma doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Kada ya kuskura ya zuba ruwan famfo a lagireto kamar yadda muke yi, zai daskare ya kumbura ya fasa injin. Akwai ruwan da aka haɗa don haka, haka ma na wanke gilashi. Kada ya watsa ruwan zafi a gilashin da ya daskare, tsagewa zai yi, kankarewa ake yi. Ya share dusar daga rufin motar duka, ba ɗan tagar leƙe kawai ba. Ya ajiye bargo da ƙaramin shebur da tocila a but, tankinsa kada ya sauka ƙasa da rabi. Kuma kada ya ɗuma mota a rufaffen gareji.

Zan sayi motar da aka shigo da ita daga ƙasar sanyi. Akwai abin dubawa?

Akwai, kuma ba a sama yake ba. Gishiri suke watsa wa titi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuma shi ke cin ƙarfen mota daga ƙasa. Fenti na sheƙi, kujeru na ƙamshi, ƙarƙashi kuwa ya zama garin tsatsa. Kai ta kan rami ka shiga da tocila da sukundireba. Duba shasi, da inda ƙafafun ke ɗaure, da salansa, musamman siraran bututun man birki da ke bi ta ƙarƙashi, don su ne ke fashewa ranar da ka taka da ƙarfi. In ka ga an fesa baƙin fenti sabo fil a ƙasan tsohuwar mota, caka sukundireban ka ji ko ƙarfe ne a bayansa.

Wasu kuma ba ƙanƙara ce ta ci su ba, ambaliya ce, aka wanke aka loda a jirgi. Ɗaga kafet ɗin ƙasa ka shinshina, ka leƙa ramin safaya taya, ka jawo bel har ƙarshensa. In ka ga layin busasshiyar laka a jikinsa, mayar wa dillali makullinsa.